Gurbin Yatsa a Ƙotar Bindiga

Da Baba Gul Zaman ya warware mayafin ulun da ya naɗo bindigar a ciki, sai da na ji kamar in ɗora hannu a ka. Ƙyalli take yi kamar butar shayin amarya.

Sana'ata ke nan a shagona na kasuwar Andar Shehr, cikin birnin Peshawar na Pakistan. Mutane su kawo tsoffin kayan gado, in duba, in kimanta, in ɗauki hoto, in sa a gwanjon intanet da farashin da za a fara tayi a kai. Wannan kuwa ƙaramar bindiga ce mai ƙyastu, irin wadda sojan Ingila suka shigo da ita ta mashigar duwatsun Khyber. Na san labarinta tun ina yaro, domin ƙauyenmu ɗaya. Kakan babansa, Sherdil, shi ya ƙwato ta a fagen yaƙi. Na kuma san abin da ya fito da ita daga gida. Matar Baba, Bibi Zarmina, tana kwance asibiti ana yi mata wankin ƙoda, gonar tuni ta tafi.

Na ce, "Baba, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

Ya gyara zaman rawaninsa, yana murmushi. "Darra na kai ta. Maƙerin ya kankare tsatsar tas, ya sa mata sabuwar ƙota. Ko so kake in nuna wa duniya bindigar gidanmu da datti, a ce 'ya'yan Sherdil sun lalace?"

Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a layinmu ya sani. Na ce, "To ai kun lalata ta! Tsatsar nan da ka biya aka kankare, ita ake saye. Hatimin da ke jikin ƙarfen ma ya shafe rabi. Baba, a Darra fa! Garin da za a ƙera maka irin wannan kafin shayinka ya huce, a binne ta a ƙasa ta tsufa. Duk wanda ya ga hoton nan daga Lahore har Landan, cewa zai yi jabu ce."

Murmushin ya ɗauke. Bai yi mini tsawa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. A wurinmu namiji ba ya fita da makami mai tsatsa, kamar yadda ba ya zuwa masallacin Juma'a da riga mai dauɗa. Abin da ubansa ya koya masa shi ya yi. Kunya ta kama ni, na zuba masa koren shayi don in samu abin yi da hannuna.

Ya ce, "Darya Khan, bar kewaye-kewaye. Nawa za ka buɗe da shi?"

Na faɗa masa gaskiya. In na buɗe da tsada, ba wanda zai taya, kuma kayan da ya kwana a gwanjo ba tayi ya zama abin gudu. In na buɗe da abin da take iya jawowa a yadda take yanzu, kuɗin ba za su kai Bibi Zarmina ƙarshen wata ba.

Ya daɗe yana kallon titi, inda mai kura ke faɗa da mai babur. Sannan na tambaye shi, ba don ina sa rai ba, "Tsohuwar ƙotar fa? Maƙerin ya jefa ta a wuta ko?"

Hannunsa ya tafi aljihun gaban rigarsa, ya tsaya a can. "Wannan ba ta sayarwa ba ce."

"Ban ce ka sayar ba. In gani kawai."

Ya fito da ita a hankali. Katako ne da ya yi baƙi, da tsaga a gindi an ɗaure da zaren tagulla. A gefen hagu akwai wani ɗan gurbi mai santsi, inda babban yatsa ke kwanciya. Ba wuƙa ce ta fafe shi ba. Sherdil ya riƙe, ɗansa ya riƙe, jikansa ya riƙe, har itacen ya lotsa. Na gwada ta a jikin ƙarfen, ramukan kusoshin suka hau daram. Maƙeran Darra sun iya komai, amma wannan ba su iya shi ba.

Na ce, "Baba, in aka mayar da wannan, ba mai cewa jabu. Ba za ta kai darajarta ta da ba, amma zan buɗe da abin da zai riƙe Inna Zarmina shekara, in Allah ya kawo masu tayi ma ya wuce haka."

Ya ce, "Na cire ta ne don in ba su ƙarfen, in riƙe hannun iyayena." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ashe hannun suke so."

Wallahi a lokacin na tsani sana'ata, na tsani mutanen da ke zaune a ɗakuna masu sanyi suna latsa waya, waɗanda ba su san Sherdil ba kuma ba za su tambaya ba.

Aka kira sallar la'asar. Bai motsa ba sai da ladan ya gama. Ya karɓi ƙotar daga hannuna, ya kwantar da babban yatsansa a gurbin, ya zauna cif kamar don shi aka yi. Leɓunansa suna motsi, ina jin sunayen mutane uku a ciki. Sannan ya ajiye ta a kan teburina, ya tura ta gabana da yatsu biyu.

"Zarmina ta shekara hamsin tana shafa wa bindigar nan mai," in ji shi. "Yau bindigar ta rama mata."

Na jawo fitilar ɗaukar hoto. Akwai ɗan gumin yatsansa a kan katakon, sai hannuna ya kai ga tsumma, bisa sabo. Baba ya riga ya kai bakin ƙofa, amma ya juyo.

"Ɗana," ya ce, "kada ka goge."