Abincin Ƙarfe Biyar

"Ƙarfe biyar? Abincin daren ne za a ci da ƙarfe biyar, rana tana kallonmu?"

"Na ce biyar."

"To ka fito fili mana, maigida. Ka ce ba ka so Kawu ya tarar da mu muna ci. Ba sai ka laƙa wa olsa ba. Yaushe ka yi olsar ban sani ba?"

Matar tana tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, shi kuwa yana zaune yana kwance igiyar takalmi kamar wani babban aiki ne. Da ma shi ba mai yawan magana ba ne. Idan ya yanke abu, sai ya bar shiru ya ƙarasa masa faɗan.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, banki ya saya musu, za su biya cikin shekara goma sha biyar. Ran da ya zauna da biro ya haɗa kuɗin ruwan da za a ɗora musu, sai da ya sake lissafin daga farko. Nan ya rantse ba zai wuce shekara tara ba. Daga ranar komai na gidan ya koma awo. Shinkafa gwangwanin madara uku, ba tozo. Nama sau ɗaya a mako. Mai kuwa da cokali. A maɗaba'ar da yake aikin yankan takarda ya daina bin abokan aiki gidan abinci, sai ya ɓuya bayan inji ya buɗe kularsa. Har suna suka sa masa, Alhaji Kula. Bai damu ba. Duk abin da ya rage a ƙarshen wata, banki yake kai wa a kan abin da aka yanka masa.

Abu ɗaya ne ya ƙi shiga lissafi, shi ne Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyarsa ne, tsohon mai gadin sito, matarsa ta rasu, bai haihu ba. Shi ya riƙa kai shi makaranta a bayan keke yana yaro. Tun da suka tare a gidan nan, kullum bakwai da rabi sai a ji sandarsa a matakala. Zai shigo yana haki, ya leƙa kicin ya ce, "Amarya, yau kuma me aka ƙona mana?" Ita kuma ta ce, "Naka na ƙona, Kawu, namu lafiya lau." Shekara huɗu da aure, har yau amarya yake ce mata. Ba wani ci ne da shi ba, amma in yana nan sai an ƙara gwangwani guda, kuma tsoka mafi laushi tasa ce. Maigidan ya buga gwangwani ɗaya sau talatin, ya sake bugawa sau goma sha biyu, ya ajiye biro.

Washegari aka ci da ƙarfe biyar. Da Kawu ya iso, tukwane an wanke an kife. Ya leƙa, ya yi dariya.

"Au, yau kun riga ni ke nan?"

"Likita ne ya ce in riƙa ci da wuri," in ji maigidan, idonsa a kan talabijin.

"Allah ya sawwaƙe, ɗana. Ciki ba abin wasa ba ne."

Ya sha ruwa, ya kalli labarai, ya tafi. Haka rana ta biyu. A ta uku matar ta fito da ɗan kwano a rufe, rabin nata ne ta rage, ta ajiye a gabansa. Kawu ya kai hannu kan murfin, sannan ya ɗaga kai ya dubi ɗan 'yar'uwarsa. Maigidan bai ce komai ba, kwanon kawai ya kalla. Kallo ɗaya.

Kawu ya janye hannu. "Na ƙoshi, 'yata. Na taɓa wani abu a hanya."

Bayan ya fita ta ce, "Ka ga abin da ka yi?"

"Me na ce?"

"Ai gara da ka ce wani abu."

Zuwan Kawu ya koma mako-mako, kuma ba ya zama, a tsaye yake gaisawa. Daga nan sai wata-wata. Ya ce matakalar ta fara fin ƙarfin gwiwarsa. Maigidan ya karɓi wannan uzuri hannu biyu. Yakan kira shi a waya jefi-jefi, har wata rana aka ce layin ba ya aiki. Ya ce zai je ƙarshen mako. Ƙarshen makon aka ba shi aikin ƙarin lokaci, ya karɓa. Matar ta je wurin Kawu sau biyu ita kaɗai, ta dawo ta ce ya rame. Daga baya ita ma ta samu aikin ɗinki a wani shago, ba ta dawowa sai yamma liƙis. Ta bar masa nasa a kula, ya ci shi kaɗai a falo, da ƙarfe biyar, ko da yake babu sauran wanda ake gudu.

Shekara takwas da wata huɗu ya gama. Ma'aikaciyar banki ta miƙo masa takardun gida a cikin ambulan, ta ce, "Barka, Malam," ta kira na bayansa. Ya tsaya a bakin titi da ambulan a hammata. Ya ciro waya, ya bi sunaye daga sama har ƙasa, ya mayar aljihu.

A gida ya ajiye takardun a kan tebur. Matar ta goge hannu, ta duba, ta ce, "Madalla. Allah ya sa albarka." Ta koma yankan albasa.

Ya bi ta, ya tsaya a bayanta.

"Gobe Asabar. Zan sayo nama kilo guda. Ki dafa da laushi."

Ta juyo ta dube shi. Ba ta tambayi na waye ba.

Washegari da azahar ya sauka daga bas da kula a leda, zafinta yana dukan cinyarsa. Sai da ya ɓata a lungu biyu kafin ya gane gidan hayar. Ɗakin Kawu na ƙarshe ne, kusa da famfo. Labulen ƙofar ba wanda ya sani ba ne, ga takalman yara a zube. Wata mata tana wanki a tsakar gida. Ya yi sallama, ya tambayi tsohon da ke ɗakin can.

"Baba mai gadi? Ai ya fi shekara da tashi." Ta matse riga ta jefa a bokiti. "Ciwo ya kwantar da shi, mu muka riƙa ba shi abinci, yau wannan ɗaki gobe wancan. Muka ce ya faɗi danginsa a kira su, ya ce ba shi da kowa a garin nan. Daga baya wani direba, abokinsa ne wai, ya zo ya ɗauke shi da 'yan kayansa."

"Zuwa ina?"

"Wallahi ban sani ba. Babu wanda ya sani a gidan nan."

Ya sauya wa ledar hannu. Matar ta dubi kular, ta dubi fuskarsa, ta share kumfa a zaninta.

"Kai fa, bawan Allah, mene ne naka da shi?"