Motar Wankin Ƙoda

Wasiƙar ta kwana tara a ƙarƙashin gwangwanin sukari kafin Verna Tackett ta yarda ta sake karanta ta. Abin da ke ciki bai canja ba. Bayan inshorar tsofaffi da take da ita tun da ta cika shekara sittin da biyar, yanzu ta cancanci ta masu ƙaramin ƙarfi ma. Matar da ta cike mata takardun a asibitin wankin ƙoda har tafi ta yi. Magani zai zo da sauƙi, in ji ta, kuma mota za ta riƙa zuwa ƙofar gida tana ɗaukar Verna, Litinin, Laraba da Juma'a.

Motar nan ce ta tsaya mata a rai.

Shekara biyu ke nan ɗanta Doyle ne yake kai ta. Mil talatin da takwas ne daga kwarin da take zaune zuwa gari, hanya duk kwana-kwana tsakanin duwatsun Kentucky. In ba wannan tafiya ba, Doyle ba ya zuwa. Ba mugun ɗa ba ne. Mutum ne dai da sai da dalili yake taka gidan kowa, halin ubansa sak. Ita kuwa dalilinta ɗaya ne a duniya, ciwon nan, ga shi gwamnati ta zo da alherinta za ta karɓe mata shi. Tsoro take ji, tsoron zama ita kaɗai da firji yana ta gunji.

Ranar Laraba ta fito daga wankin ƙoda, jiri yana ɗibarta, ta sami Doyle a mota yana barci, baki buɗe, hannuwa duk baƙin man gareji. Ta tsaya ta dube shi. Furfura ta fito masa a gefen kunne, ba ta san yaushe ba.

"Kai, rufe bakin nan kafin ƙuda ya yi gida a ciki."

Ya farka firgigit. "Mama, idona biyu. Tunani nake yi."

"Tunani da minshari? Wannan sabon salo ne."

Sai da suka hau hanya ta ciro wasiƙar daga jaka ta ajiye masa a cinya. Ya gangara gefen titi ya karanta, leɓensa yana motsi.

"Mama! Har da mota? Tun yaushe wannan ta zo?"

"Jiya," in ji ta.

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya kifa goshi a kan sitiyari. Ba ta taɓa sanin nauyin ya kai haka ba.

"Mai garejin ya kusa korata, ban dai faɗa miki ba. Amma zan riƙa leƙowa ran Lahadi, kin ji."

"To," ta ce. Ta san Lahadinsa.

Litinin da safe wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida, minti biyar kafin lokaci. Direbar, mace mai fara'a, ta taimaka mata ta hau, ta ɗaura mata bel, sannan ta duba takardar hannunta.

"Lambar gaggawa kawai ta rage, Baaba. Wa za mu kira in wani abu ya taso?"

Verna ta ba ta lambar Doyle.

"Kusa yake zaune?"

"Mil huɗu," in ji Verna, ta juya fuskarta wajen taga.