Wa Ya Ɓata wa Kailani Rai?

Kailani ɗan yayata Talatu shekararsa sha shida, amma in ya shiga a-daidaita-sahu a Tudun Wada, sai fasinja ɗaya ya haƙura ya jira na baya. Talatu kuwa abin alfahari ne a wurinta. In ta ji shi yana haki a zaure sai ta ce, "Tubarkalla, jikin gidanmu ne." Ƙarya take yi. Ni ƙanwarta ce, kaf danginmu kamar tsinken tsire muke. Jikin indomi da ƙwai huɗu ne, da lemon kwalba safe da yamma.

Da ciwon kai ya matsa masa har jiri ya fara ɗibarsa a aji, ni na ja shi asibiti. Abin awon jinin ma bai zagaye damtsensa ba, sai da aka nemo babba. Likita ta auna sau biyu, ta ce hawan jini ne, kuma ƙiba ce ta jawo shi. In bai rage jiki ba, zuciya da ƙoda za su ji a jikinsu tun bai kai ko'ina ba.

Na kawo wa Talatu bayani, ta ɗauki rabi ta watsar da rabi.

"Hawan jini ai ciwon tunani ne, Surayya," in ji ta. "Wa ya ɓata wa ɗana rai?"

Nan aka buɗe bincike. Aka tuhumi malamin lissafi. Aka karɓe wayar yaro aka duba ko wata yarinya ce a Gyallesu. Ubansa Malam Gwadabe ya sha faɗa don ya taɓa sa shi share shago. Da aka rasa mai laifi, Talatu ta yanke hukunci a faranta wa yaro, ita kuwa hanyar farantawa ɗaya ta sani. Aka ƙara masa balangu bayan la'asar, aka hana shi taka ƙasa ko zuwa masallacin bakin layi, kada ya wahala.

Ran Asabar na tarar ta tasa shi gaba da kwanon taliya, mai na kwance a sama. Raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, kashe shi za ki yi?" Ko kallona ba ta yi ba.

"Ci, ɗan albarka, ka faɗa mini abin da ke damun ka."

Kailani ya daɗe yana kallon kwanon.

"Umma, na ji duk abin da likita ta ce. Tsoron mutuwa nake yi. Amma in na rage abinci kuka kike yi, shi ya sa nake cinyewa."

Hawaye ya zubo wa Talatu. Na ce a raina alhamdu lillahi, yau ta gane. Sai ta juyo gare ni.

"Kin ji ko? Ke da likitarki kuka tsorata mini yaro."

Ta share ido, ta tura masa kwanon. Ya dube ni, ya dubi hawayenta, ya ɗauki cokali.