Bututun Gidan Verlie

Tun tana yarinya Verlie Sizemore ba ta san gidansu da sanyi ba. Rijiyar gas tana bayan rumbu, a gindin tudu, wani siririn bututu ya taso daga can ya shigo kicin. Lokacin da kamfani ya zo haƙa, mahaifinsu ya kafa sharaɗi cewa gida ɗaya zai sha gas kyauta muddin rijiyar tana da rai. Da shi suke girki, da shi suke ɗumama ɗakuna, har kaji ma suna da ɗan murhunsu a akurki.

Da aka raba gona, tsohon gidan ya zama nata, rijiyar kuma ta faɗo a rabon ƙanenta Orval, wanda ita ta goya bayan rasuwar uwarsu. Tsoho yana kwance ciwon ajali Orval ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Wutar Yaya ba mai taɓa ta."

A hunturun bara ta zame a kan ƙanƙara, ƙugunta ya karye, aka kwantar da ita asibiti a Parkersburg. Duk Lahadi Orval yakan zo mata da burodin masara, yana tsokanarta wai tsohuwa ta tafi rawa ba ta gayyace shi ba.

Ranar da maƙwabciyarta Opal ta dawo da ita, gidan ya yi sanyi kamar kabari. Verlie ta murɗa murhu, ta ƙyasta ashana. Ashanar ta cinye har ta lashi yatsanta, ko hucin gas babu. Ta dogara sanda ta leƙa taga. Jar ƙasar da aka tona aka mayar ta tsaga dusar ƙanƙara, daga rijiya ta miƙe zuwa sabon gidan da Orval ya gina wa ɗansa.

Da ta aika, Orval ya zo yana murza hula a hannu.

"Yaya, sannu da dawowa. Dama ina so in yi miki bayani."

"Yaushe ka tona?"

"Bayan an kwantar da ke, kafin ƙasa ta daskare. Kin san gida ɗaya kamfani ya yarda, ga yaran nan da jariri. Ni na ɗauka wurin 'yarki za ki koma a birni."

"Ka ɗauka, ko ka yi fata?" in ji ta. "Kana zaune bakin gadona kana ba ni dariya, ashe ka riga ka yanke. Orval, ko tambayata ka yi? Wallahi da ka tambaya, saboda jaririn nan da na ba ka."

Ya sunkuyar da kai.

Ba ta koma birni ba, ba ta kuma kai ƙara ba, duk da Opal ta yi ta zuga ta. Mutanen coci suka ciro tsohon murhun itace daga rumbu suka kafa mata, suna kawo mata itace bi da bi.

Orval ma ya kawo, mota guda, busasshe, ya jibge a bakin ƙofa. Verlie ta bi ta gefensa da sandarta har hunturu ya wuce. Ko tsinke ba ta ɗauka ba, har ciyawa ta tsiro ta rufe shi.