Kwandon da Akuya Ta Fi So

Ana gab da soja su miƙa mulki, Alhaji Gwadabe ya sa a kawo masa mota guda ta mangwaro, domin ranar rantsar da gwamna Katsina za ta cika. Fargabarsa ɗaya ce: baƙin tabon nan da ke ruɓar da mangwaro kafin mai saye ya iso.

Ramla, 'yar ƙanwarsa da ta dawo daga karatu a waje, ta ce tana da magani. Wata koriyar fumfuna ta samo a ƙasar gona a Batagarawa, ta rene ta, ta tace ruwanta. Ruwan yana kashe fumfunar da ke kawo tabon.

"Fumfuna ta kori fumfuna? Ke 'yar nan, karatun da kika yo ke nan?"

"Kawu, ba ni kwando biyu. Gani ya kori ji."

A rumfarsa ta Ƙofar Marusa ta tsoma na kwando ɗaya a ruwan, ta bar ɗayan haka. Ta ce kada a taɓa su. In ya gamsu, motar ta shiga hannunta.

Da ta dawo bayan 'yan kwanaki, duka biyun fes suke.

"To, Malama Dakta," in ji Gwadabe, maƙwabta na dariya, "wanda ba ki taɓa ba ma ya warke. Albarka ce ta tsallaka?"

Ramla ta leƙa kwandunan. Ta ga kwandon da ba a tsoma ba ya yi ƙasa sosai. Akuyar rumfar tana tsaye a gindinsa, gemunta rawaya.

"Kawu, me take ci?"

"Ruɓaɓɓu. Kullum da safe nakan tsince. Wane ɗan kasuwa ne zai bar ruɓaɓɓe cikin kaya?"

"Na ce kada a taɓa."

"Tsinta ai ba taɓawa ba ce."

"Daga wane kwando kake tsince mata?"

Ya dubi kwandon da ba a tsoma ba. Ya ɗauko ɗaya daga wanda aka tsoma, ya juya shi, ya tona har ƙasan kwandon. Babu tabo.

"Gobe motar ke isowa," ya ce. "Ruwan naki zai isa?"

"Zai isa. Nemo baho."

Akuyar ba ta matsa daga wurinta ba.