Rakiyar da Manu Ya Yi wa Baƙonsa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta taho, Inna, kunnuwanmu na nan.

To, zamanin da arzikin man fetur ya ɓarke, wani kamfanin Turawa ya kafa sansani a gefen Basirka, wai zai wadata ƙasar Gwaram da motocin noma. Ashe tsofaffi ne aka yi musu fenti. Direban kamfanin maƙwabcinmu ne, Manu, mutum mai sanyin hali, da aikin nan yake ciyar da gida guda. Shi ake aika da raguna da sababbin motoci gidajen manyan da ke sa hannu a kwangila. Idonsa ya ga komai, bakinsa shiru.

Sai ga wani malamin jami'a, Iliyasu Dabo, ɗan Birnin Kudu, yana binciken yadda kamfanonin waje ke sayen manyanmu. Kowa ya guje shi. Manu kaɗai ya buɗe masa zaure, bayan Iliyasu ya rantse ba zai ambaci sunansa ba. Uwargidan Manu, Kulu, ta dama fura, suka zauna, Manu ya zazzage abin da ke cikinsa kaf.

Da Iliyasu ya tashi tafiya, ya roƙi Manu ya tsaya daga ciki, kada a gan su tare. Kulu ma ta leƙo ta ce ya ji maganar Malam. Manu ya sa takalminsa.

“Malam, ka sha ruwan gidana, sannan in bar ka ka fita kai kaɗai kamar ɓarawo? Me za a ce da ni?”

Ya karɓe jakar baƙon, ya saɓa a kafaɗa. Ranar kuwa kasuwa ke ci. Haka suka ratsa ta rumfa rumfa har tasha, Manu na gaisawa da jama'a, wakilin kamfanin na zaune wajen mai tsire yana kallonsu. Ko tambayar Manu ba a yi ba. Washegari aka karɓe makullin mota daga hannunsa.

Iliyasu fa ya cika alkawari, babu sunan Manu a littafinsa ko sau ɗaya. An buga shi can ƙasar waje da Turanci, aka ba Iliyasu digirin dakta, nan kuwa babu wanda ya karanta. Kamfanin ya gama kwangilarsa ya sami wata. Manu ya nemi tuƙi har Kano bai samu ba, ya koma noman gero da fartanya har ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu Kulu tana ƙauyen Dingaya wajen 'yarta. Wakilin nan kuma ya rasu yana Alhaji mai gidan bene.