Daga Ina Ake Fara Ungozomar Matattu?

Tun da ɓarin jikin Mel Vella ya shanye bai sake furta ko kalma ɗaya ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a yammacin Melbourne yana cika fasinja da surutu, yau ga shi a kujerar asibiti, baki a karkace, ido a taga. Matarsa Glenys kuwa ta gaji iya gajiya. Kullum in ta tashi daga ɗakin girkin makarantar da take aiki, sai ta hau jirgin ƙasa daga unguwar Sunshine ta zo ta zauna gabansa, ta ba shi labarin maƙwabta, da na kare, da na tumatirin da ya bushe a bayan gida. Ko kallonta ba ya yi.

Wata Litinin likitar da ke koya wa majinyata magana ta ja ta gefe. Ta ce a ƙarshen wata manyan likitoci za su zauna a kan Mel. In ba su ga alamar magana na dawowa ba, za a ba wani gadon, shi kuma a kai shi gidan kula da tsofaffi. Glenys ta san gidajen nan, a ɗaya daga cikinsu uwarta ta rasu, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya shiga ya fito da ƙafarsa ba.

"Ki nemo abin da yake so," in ji likitar. "Waƙa, ƙwallo, ko mene ne. Abin da zai motsa shi."

Glenys ta yi dariyar takaici. Ai ta san abin. Wata mujallar zane ce mai fitowa wata-wata, Ungozomar Matattu, labarin wata tsohuwa da ke karɓar haihuwar matattu zuwa ɗaya duniyar, tana fama da mayu da aljanu a hanya. Tun kafin su yi aure Mel yake sayenta. Dogayen akwatunan kwali na mujallun sun cika gareji har motarsu ta koma kwana a waje, rana ta cinye mata fenti. Glenys ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba. Shirmen yara masu gemu, haka take kiransu.

Ta ɗaga ƙofar garejin ta tsaya. Akwati kan akwati, ɗaruruwa a jere. Ta sauke ƙofar, ta ce gobe ta je ta tambayi waɗanda suka koya masa.

Shagon da yake sayen mujallar yana unguwar Footscray, tsakanin mai sayar da miyar taliya da mai gyaran waya. Mai shi, Warwick, wani dogo ne da ya ɗaure furfurarsa a ƙeya. A jikin kantar shagon wata mata ta jingina tana cin gyaɗa, Thuy, mai shagon gyaran wayar, wadda da gani ta fi zama nan a kan nata shagon.

"Ungozomar Matattu," in ji Glenys. "Daga ina ake farawa?"

Warwick ya lumshe ido ya sauke numfashi. Kai ka ce tambayar ce ta sa masa furfura.

"Kowane mako sai an tambaye ni wannan. To ki saurara, 'yar uwa. Ko me za ki yi, kada ki fara daga lamba ɗaya."

"Me ya sa?"

"Mai zanen bai iya hannu ba a lokacin. Kowa yatsunsa kamar ayaba. Ki fara daga ta arba'in da ɗaya, inda aka canza marubuci."

"Tabɗi!" Thuy ta tofar da ɓawon gyaɗa a tafin hannunta. "Ka tura baiwar Allah arba'in da ɗaya ba ta san waye ya kashe ƙanwar ungozomar ba? Tsufa ya taɓa ka, Warwick."

"Ba a kashe ta ba. An gyara wannan daga baya."

"An ɓata dai. Ke, rabu da shi. Ki fara da fitowa ta musamman ta bikin Kirsimeti, sannan ki koma baya."

"Wace ta Kirsimetin? Ta kafin a sake lamba ko ta bayan?"

"Wa yake lissafa ta bayan? Mai hankali?"

Glenys na tsaye da jakarta, ƙafafunta na zugi, rigarta na warin man suya. Aka ce mata an taɓa tsayar da mujallar aka sake farawa daga ɗaya, don haka lamba ɗaya ma biyu ce. Aka ce akwai wani labarin da ya fito daga baya amma ya faru tun farko. Aka ce wasu fitowa shida ba a cikin mujallar ma suke ba, suna cikin wata daban da ba wanda ke karantawa. Manyan mutane biyu, kowanne ya haifi mai haihuwa, suna nuna wa juna yatsa a kan tsohuwar da ba ta taɓa rayuwa ba. Haushi ya zo mata wuya.

"Mijina ba ya magana," ta ce. "Karanta masa zan yi. Wuri ɗaya nake so ku faɗa mini, ɗaya tak."

Warwick ya ƙura mata ido.

"Ke ce matar Mel? Mel direba?"

Ta gyaɗa kai. Ta faɗa musu a taƙaice. Thuy ta ajiye gyaɗarta ta zo ta dafa mata kafaɗa. Warwick ya juya ya daɗe yana gyara wasu takardu da ba sa buƙatar gyara. Allah sarki, ashe sun yi ta cigiyarsa, sun zaci fushi ya yi saboda wata gardama da suka yi da shi.

"Labarin ambaliya," Warwick ya ce da ya juyo. "Shi ya fi so."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Thuy. Sau ɗaya ke nan suka yarda da juna.

Ya ciro wani littafi mai kauri daga kanta, sabon bugu da aka tattara labarin ambaliyar a ciki, ya sa mata a jaka, ya ƙi karɓar komai. Ya ce ta riƙa karanta wannan, ba sai ta wahalar da kanta da akwatunan gida ba.

Ta karanta. Wallahi ta karanta. Kullum da yamma ta ja kujera kusa da tasa, ta ɗaga littafin yadda zai ga zanen, ta shaƙe murya in aljani ne ke magana, ta sirance ta in tsohuwar ce. Ba ta gane rabin abin da take faɗa. Wani mai kan tunkiya ya shigo kowa ya firgita, ita ba ta san laifinsa ba. Mutumin gadon kusa ya fara jiran zuwanta, har yana tambaya ko an tsamo jaririn daga ruwa. Mel kuwa idonsa na taga, yana kallon rufin wurin ajiye motoci.

Littafin ya ƙare, wata ya kusa ƙarewa. Ta yi tunanin komawa shagon, sai ta tuna gardamar, ta ji ba za ta iya ba. Ranar Asabar da safe ta ɗaga ƙofar gareji, ta jawo akwatin da ke can ƙasa ta gefen hagu, ta zaro ta farko a layi. Lamba ɗaya. Yatsun ayaba ko na rogo, oho, ita dai ta gaji da shawara. Ta saya masa fastizi, wani gasasshen abincin fulawa mai cuku a ciki, a tasha, ko da yake ita za ta cinye.

Ta same shi yadda ta bar shi. Ta zauna ta ci fastizi ɗaya, ta goge hannu a siket. Mujallar na cikin leda, da farin kwali a bayanta, an liƙe bakin da salatif. Ta ɓanɓare salatif ɗin, ta zazzago ta. 'Yar siririya ce, takardar ta yi ja-ja, amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Ta buɗe, ta lanƙwasa bangon ta mayar da shi baya yadda take yi wa mujallun girki, ta lashi yatsa za ta juya shafi.

"Mmm."

Ta zaci mutumin gadon kusa ne. Ta ci gaba. Ta danna tsakiyar da babban yatsa don ta kwanta sosai.

"A... a'a."

Ta ɗago. Mel ya bar taga. Idonsa mai lafiya ya buɗe ƙwarai, yana kan hannunta.

Glenys ta dubi mujallar, ta dubi mijinta. Sai a lokacin ta tuna yadda yake karanta su. Sai ya wanke hannu, ya share tebur, ya kwantar da ita, ya ɗan buɗe kaɗan yana leƙawa, kamar mai duba ko burodi ya gasu. Masu tara irin waɗannan ba sa lanƙwasa bango, ba sa lasar yatsa, ba sa kusantar da abinci. Ita kuwa ta yi duka ukun a zama ɗaya, kuma a kan wadda ya fi ji da ita. Ga shatin maiƙo nan a goshin ungozomar.

"Me ka ce, tsoho?"

Leɓensa ya yi ta kokawa. Miyau ya zubo ta gefen da ya mutu. "Le... da."

"In mayar da ita leda?"

Ya rufe ido ya buɗe. E.

Hannunta har ya kai kan ledar. Sai ta tsaya. Ɗakin ba kowa sai mutumin gadon kusa, shi ma barci yake. Likitocin da za su zauna a kan Mel ba za su karɓi maganar matar da ke son mijinta ya dawo gida ba, sai abin da ma'aikaci ya ji da kunnensa. Ta miƙa hannu ta danna ƙararrawar kiran nas, ta koma ta zauna da mujallar a cinya.

Mel na kallonta. Wata da watanni tana roƙon wannan kallon, sai ga shi ya zo da tsana tsagwaronta. Ta ji kamar ta yi kuka, ta kuma ji kunyar abin da za ta yi.

Nas ta leƙo. "Lafiya, Glenys?"

"Shigo ki tsaya nan. Ki kasa kunne."

Ta ɗaga mujallar daidai fuskarsa. Ta kama ta da hannu biyu, ta fara naɗe ta a hankali kamar za ta kashe ƙuda da ita. Tsohuwar takardar ta yi ƙara.

"A'a!" Ya daki hannun kujera. "A'a! Ki... bari!"

Nas ta dafe ƙirji, ta juya da gudu kiran likita.

Hawaye na bin kuncin Mel, na baƙin ciki ne, Glenys ba ta yaudari kanta ba. Abin da ya yi shekaru yana killacewa ne a murɗe a hannunta, kuma ba ya gyaruwa. Ita ma nata hawayen suka zubo, ta share da bayan hannu.

"Ka yafe mini," ta ce. "Ko kuma kada ka yafe. Ka zage ni, tsoho, ka zage ni da kyau, likita na zuwa."

Ta ji takun takalma a baranda. Ta warware mujallar, ta kama kusurwar bangon da yatsu biyu, ta jira ƙofa ta buɗe.

"Glenys," in ji Mel. "Don Allah."

Ƙofa ta buɗe. Ta yaga bangon.